Maɗorin Gidan Yari

Kwatarkwashi,
Asabar, 18 ga Satumba.

Zuwa ga ƙanena Badamasi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Ba zan tsaya doguwar gaisuwa ba, domin ba lafiya ce ta sa na ɗauki biro ba. Tun da aka katse layukan waya mun koma zamanin Baba, sai takarda, ga shi cikin gaggawa nake rubutawa. Ka yi haƙuri da rubutun.

Sojoji sun tafi da ɗan'uwanka Ummaru. Shekaranjiya Alhamis ne, a gida Kucheri, bayan azahar. Matarsa Uwani ce ta biyo motar Tsafe jiya ta zo mini da tsohon cikinta, ko takalmin kirki ba ta tsaya sawa ba.

Ga yadda ta ce abin ya faru. Ran Talata da hantsi wasu mutum biyu suka kawo wani a kan babur, ƙafarsa ta karye a ƙwauri. Ummaru ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya ja ƙafar, ya ɗora, ya ɗaure da kara, suka ɗauki abinsu suka tafi. Bai tambaye su daga ina suke ba. Ka dai san dokar gidanmu tun kan Kaka, maɗori ba ya tambayar mai karaya ko shi ɗan wane ne, ƙashi yake dubawa. Ashe wai mutanen daji ne. Wani mai baƙin ciki ya kai tsegumi, sai ga mota biyu a ƙofar gida.

Uwani tana bayan ƙyaure ta ji babbansu ya tambaye shi ko shi ne likitan ɓarayi. Shi kuwa ɗan'uwan naka, da ba ya iya karkata harshe ko don ceton ransa, sai ya ce, “Ni maɗori na, ɗan maɗori. Wanda duk anka kawo man da karaya, ɗora shi nikai.” Da gindin bindiga aka amsa masa. Ta ce har aka jefa shi mota jini na zuba daga bakinsa.

Ba mu san inda aka kai shi ba. Mai gari ya ce a yi haƙuri, liman ya ce a yi addu'a, duk mun yi, muna kan yi. Saura kai. Kai ne mai takalmi sau-ciki da katin aiki a wuya. Shekara goma sha biyu kana shiga sakatariya kana fita, in yau ba ka san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa ba, to ban ga amfanin bokon da Baba ya ɗauke maka ɗori saboda shi ba.

Ban zauna ba tun jiya. In na shiga ɗaki sai in ji kamar ana kirana a waje, in na fita sai in rasa abin da ya fito da ni. Ka nemo mini shi, Badamasi.

Ka gaida matarka da yara. Allah Ya ji ƙan Baba da Inna, gara da ba su ga wannan rana ba.

Ni ce yayarka,
Ladidi.

*

Gusau,
7 ga Nuwamba.

Zuwa ga Yaya Ladidi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan ke da Malam da yara kuna cikin ƙoshin lafiya. Na san saƙonnin baka da nake aiko miki ba su gamsar da ke ba, amma ban so in rubuta ba sai na gan shi da idona. To, jiya na gan shi. Yana da rai.

Yana wani gidan yari. Ba zan rubuta sunan garin ba, direban da zai miƙa miki takardar nan zai faɗa miki da baki. Kafin nan kwana arba'in da ɗaya ya yi a wani sansanin soja. Na yi ta tunanin ko in ɓoye miki abin da ya gaya mini, sai na ga in ba ki ji daga gare ni ba za ki gani a jikinsa.

A cikin kwantena aka tsare su, irin ta dakon kaya, su talatin da huɗu. In rana ta take, ƙarfen ba ya taɓuwa. Ruwa kofi ɗaya ne a wuni. Ba wurin kwanciya, sai dai wasu su tsuguna wasu su tsaya, a riƙa canji. Sau huɗu aka fitar da shi aka rataye shi ta hannu a jikin itace, ana dukansa da wayar lantarki wai sai ya faɗi inda mutumin da ya ɗora yake. Shi da ko sunan mutumin bai sani ba. Haƙoransa biyu na gaba babu su. Ya ce mutum uku aka fitar daga kwantenar ba rai, a gabansa. Wuyan hannunsa duk sawun igiya ne, amma na sa ya motsa yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, duk suna aiki, alhamdu lillahi.

Babu takardar tuhuma, babu ranar zuwa kotu. Yana cikin waɗanda ake kira masu jiran shari'a. Na same shi a babban ɗaki, su fiye da saba'in, bokitin bahaya ɗaya, ƙazuwa ta fara cin jikinsa.

Amma ga labari mai daɗi. Na samu ganin wani babba cikin gandirobobi, ana ce masa Oga Manu, mutum mai fara'a. Ya tambaye ni sana'ar Ummaru, ni kuwa na ga dama ta samu. Na ba shi tarihin gidanmu tun daga Kaka. Na gaya masa har daga Funtuwa ake kawo wa Ummaru karayar da asibiti ta ce sai an yanke. Na ce irin wannan mutum bai kamata a bar shi ya lalace cikin taro ba. Ya dube ni, sa'an nan ya ce lallai na kawo magana. Kafin in bar wurin an mayar da Ummaru wani ɗan ɗaki a bayan kicin, shi kaɗai, da tabarmarsa, an kuma ce za a riƙa ƙara masa gabza, wato tuwon gidan yari.

Har wa yau na ji cewa wani babban alƙali yakan ziyarci gidajen yari lokaci-lokaci, ya saki waɗanda aka tsare ba tuhuma. Oga Manu ya ce in kwantar da hankalina. Wannan karon dai, Yaya, ki yarda boko ya yi rana.

Ki isar wa Uwani da barkar haihuwa. Ki huta lafiya.

Ƙanenki mai biyayya,
Badamasi.

*

Kwatarkwashi,
Lahadi, 19 ga Disamba.

Badamasi,

Salamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida iyali. Na san waya ta dawo, amma wannan magana ba ta waya ba ce.

Mun je ni da Uwani da jaririyar ran Juma'a. Awa uku muna tsaye a rana, aka tona mana tuwo da tsinke kamar mun ɓoye bindiga a ciki, sa'an nan aka ba mu minti goma. Tun a bakin ƙofa na ga alamar da ban so ba. Da na faɗi sunansa sai gandirobobi suka hau washe baki, wai ashe ƴan'uwan Likita ne, a ba su benci. Ni dai tun da nake ban taɓa jin inda kura ta yi wa akuya shimfiɗa don Allah ba.

Ya fito. Gaskiya ne ƙazuwar ta warke, ya ɗan ciko. Amma bai iya duban idona ba. Uwani ta miƙa masa Zahra'u, ƴar da aka raɗa wa suna ba ya nan, ya karɓe ta yana lalubar ƙafafunta da hannayenta kamar mai neman targaɗe, har sai da uwar ta ce lafiyarta lau. Da gandiroban ya juya baya sai ya matso ya ce mini a hankali, “Yaya, tun da anka kai ni ɗakin ga, mutum sha ɗaya na ɗora. Babu ko guda da yaf faɗi da kanshi.”

Ka ji ko? Duk wanda aka kawo masa sai a ce daga kan gado ya faɗo, a gidan da babu gado ko ɗaya. Da kulki ake karya su. Wanda ya yi gardamar abinci, wanda ya nemi magani da ƙarfi, wanda ƴan'uwansa ba su gaida na bakin ƙofa ba. Da can in sun yi ɓarna dole su kai mutum asibiti, likita kuwa sai ya rubuta abin da ya gani, takarda ta je inda ba sa so. Yanzu sun huta. Sai a ja mutum bayan kicin, Ummaru ya ɗora da karan dawa da tsumma, bayan wata biyu ya miƙe, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Ya ce tun da suka san akwai mai gyara, hannunsu ya ƙara nauyi.

Wannan shi ne gatan da ka yi masa. Ka je ka zauna gaban mutum kana zuba kamar kanya, Kaka kaza, Funtuwa kaza. Garin neman gira ka rasa ido. Ka taɓa ganin wanda ya tsinci jaki mai ƙarfi ya sake shi don tausayi?

Na so in yi kuka a mota, kukan ya ƙi zuwa. Tun da na dawo nake share tsakar gidan da na riga na share. Malam ya ce zan haƙa masa rijiya da tsintsiya.

Ban ce ka yi da mugunta ba. Amma kai ka ɗaura, kai za ka kwance. Ka bi maganar alƙalin nan da gaske, kada ka sake ka tsaya jiran mai fara'arka.

Allah Ya kiyaye mu. Ka gaida gida.

Ladidi.

*

Gusau,
10 ga Afrilu.

Zuwa ga Yaya Ladidi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Barka da shan ruwa, Allah Ya karɓi ibadunmu. Na jinkirta amsa takardarki domin na ji zafinta, na kuma so in nuna miki kin yi kuskure. Ban samu yadda zan yi ba. Ke ce da gaskiya.

Alƙalin ya zo sati biyu kafin azumi. Na ɗauki hutun kwana ɗaya na je na tsaya a waje da sabuwar riga a leda, wai wadda Ummaru zai sa ya fito. An saki mutum ashirin da uku. Ina tsaye suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, wasu da suka zo bayansa ma sun fita. Shi ko sunansa ba a kira ba. Daga baya na gane cewa ma'aikatan gidan ne suke tsara jerin sunayen da ake miƙa wa alƙali.

Na nemi Oga Manu. Ya dafa kafaɗata yana dariya ya ce, “Haba Malam Badamasi, ai ɗan'uwanka ya zama namu. In ya tafi wa zai riƙe mana gidan?” Na dawo Gusau da rigar a hannu. Ban taɓa jin kunyar kaina irin ta ranar ba. A ofis an fara tambayata ko ba ni da lafiya, don sau biyu ina kai fayil inda ba nan aka aike shi ba.

Amma ban zauna ba. An haɗa ni da wata lauya, Barista Juwairiyya, wadda ke bin shari'ar waɗanda aka tsare ba tuhuma. Mace ce mai kaifi, za ku shirya da ita. Ta ce in daina gaida kowa a gidan nan, in kuma daina ba da tarihi. Za ta kai sunan Ummaru kai tsaye hannun magatakardan alƙali, ba ta hannun gandirobobi ba, yadda ba mai iya cire shi. Ana sa ran ziyara ta gaba bayan girbi.

Sharaɗi ɗaya ta jaddada, ki riƙe shi da kyau. Alƙali ba ya sakin suna a takarda, sai mutumin da ya gani tsaye a gabansa. Ana kira sau uku. Wanda bai fito ba an wuce shi ke nan, sai wata ziyarar, wadda Allah kaɗai Ya san ranarta. Ta ce in Ummaru ya tsaya gaban alƙali minti biyu, ya nuna wuyan hannunsa, a ranar zai kwana a Kucheri.

Ni ba ya jin maganata, har yanzu kallon autan Inna yake mini. Ke ce kika goya shi. In lokaci ya matso ki rubuta masa da kanki.

Ki yafe mini, Yaya. Ki sa mu a addu'ar buɗa-baki.

Ƙanenki,
Badamasi.

*

Kwatarkwashi,
Laraba, 16 ga Nuwamba.

Zuwa ga ƙanena Ummaru,

Salamu alaikum. Ina gaishe ka, ina yi maka sannu da haƙuri. Na rubuta da ajami don ka karanta da kanka, kada ka ba kowa. Uwani za ta ɗinke ta a bakin ƙyallen da take ɗaure maka kwano.

Ran Talata mai zuwa alƙali zai zo. Sunanka yana hannunsa, lauya ta gani da idonta. Ka buɗe kunnenka ka ji ni. Da ka idar da sallar asuba, da an buɗe ku, ka tafi fili ka zauna inda ake tara mutane. Kada ka koma ɗakin nan na bayan kicin ko don ɗauko hula. In an ce ka zo ka duba wani, ka ce hannunka na ciwo. In an ce targaɗe ne, targaɗe na jiran gobe. Ƙarya ce, na sani, ka yi ta, zunubin a wuyana.

Na san halinka, shi ya sa barci ya ƙaurace mini. Kai ne kana yaro ka bar tuwonka ka tafi ɗaure ƙafar ɗan akuyar maƙwabta. Amma shekara ɗaya da wata biyu ke nan, Ummaru. Damina ta wuce ba hannunka a gonar bayan rafi, geron da aka samu bai cika rabin rumbu ba. Zahra'u ta fara tafiya, duk namijin da ya shigo gidan sai ta ɓuya bayan uwarta. Uwani ba ta faɗa, amma ta rame har zobenta na zamewa. Su ma karaya gare su, kai ne maɗorinsu.

Ban taɓa roƙonka komai ba, umarni nake ba ka tun kana goye. Yau na roƙe ka. Wuni ɗaya tak ka zama mutumin da bai iya komai ba.

Na sa an share zaure. Sai ka zo.

Yayarka,
Ladidi.

*

Gusau,
22 ga Nuwamba.

Yaya,

Assalamu alaikum. Yanzu na sauka daga mota, ban ko cire takalmi ba.

Bai fito ba. An kira sunansa, Barista tana zaune a wurin. Oga Manu ya shiga ciki, ya dawo ya ce ya kira shi sau uku, wai Ummaru ya ce ba ya zuwa, aiki gare shi. Ta roƙi a ba ta dama ta shiga ta gan shi, aka ce alƙali yana da sauran wurare biyu kafin la'asar. Ta bincika daga baya, waɗanda aka saki sun rantse mata ba a kulle shi ba, ba a sa masa ankwa ba. Sun ce da safe yana zaune a fili, sai suka ga ya tashi da ƙafarsa ya nufi bayan kicin.

Wata bakwai ina bin matar nan ofis-ofis. Ban san me zan ce mata ba, ban san me zan ce wa Uwani ba, tana can Kucheri ta dafa kaza. Barista ta ce za ta sake gwadawa a ziyara ta gaba in muna so. Ki tambaye shi, Yaya, ni na kasa. Ki tambaye shi ko daɗin wurin ya fara ji.

Wassalam.
Badamasi.

*

Zuwa ga Yaya Ladidi,

Salamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ƙane ga yayarsa. Na karanta takardarki, na kuma bi ta. Tun da aka buɗe mu ina zaune a fili.

Da hantsi sai aka wuce da Sama'ila ta gabana, an ɗauko shi a kan buhu. Manomi ne ɗan Bungudu, tare muka fito daga kwantena, shi yake ba ni kafaɗa in na kasa tsayuwa. Ba ya faɗa da kowa. Ƙwaurinsa ya karye gida biyu, ƙashin na shirin huda fata. Ba wanda ya ce in taso. Oga Manu ya dube ni kawai ya wuce. Sai na tashi na bi su bayan kicin.

Na kama ƙafar na ja ke nan, ƙashi ya fara komawa, sai ga Oga Manu a bakin ƙofa. Ya kira sunana sau uku da ƙarfi, ya ce ga hanya a buɗe. In na saki a lokacin, ƙashin zai yanke jijiya. Na ce ya roƙi alƙali ya ɗan jira ni in ɗaure. Ya tafi. Da na ɗaure na fito da gudu, sai na tarar ana kwashe kujeru.

Ƙafar ta kama, in Allah Ya so zai taka. Amma na san don ni aka karya ta, shi ma Sama'ila ya sani.

Ki gaya wa Badamasi ban riƙe shi da komai ba. Ki yi wa lauya godiya. Sai dai ina roƙonku, kada a sake kai sunana. Mu fiye da ɗari huɗu ne a gidan nan, kowa da ƙafa biyu.

Ki ba Uwani haƙuri. Ki shafa mini kan Zahra'u.

Ni ne ƙanenki,
Ummaru.